Saniyar Yari

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

Jar saniya ta yi ɓari yau da hantsi. Ɗan tayin namiji ne, har gashi ya fara fito masa. Ni da na tashi a gidan fawa, na ga irinsa ba adadi a mayanka ban taɓa jin komai ba, sai yau. Na tona rami a bayan kango na binne shi.

Likita Nabila ta zo ta ɗebi jini. 'Yar maƙwabcinmu ce a Ƙofar Taramniya, a gabana aka yanka ragon sunanta, yau ita ke ba ni umarni. Ta ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da shanun suka ci, da ruwan da suka sha, da yadda suka kwanta. To ga littafin.

Sun ci dusa da ƙowar wake. Sun sha ruwa da safe. Ba su kwanta ba.

Shanu huɗu ne a kangon ƙanena da ke Gidan Dahala. Uku nawa ne, su suka rage daga arba'in da ɗaya da nake kiwo a hayin gulbi. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Ta huɗun Wule ce, mai farin goshi, kuma ba tawa ba ce. Ta Yari ce. Cikinta ya haura wata bakwai.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan Azahar

Shekara ashirin ina sayen bajimai a hannun Yari a Kara, kasuwar shanu. Muna zagin juna, ya ce mini Kaɗo mai wuƙa, in ce masa ɗan daji. Da abin nan ya same ni, mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa da addu'arsa. Yari bai zo jaje ba. Na riƙe shi a zuci sosai.

Saura kwana uku a kama azumi sai ga shi a fadamar Dundaye, inda na ajiye ukun da suka tsira, ya jawo saniya da ƙafa tun daga rugarsu. Ya miƙo mini igiyar.

"Badaru, ga Wule. Habbanaye ta, aron zumunci. Ta haihu maka sau ukku, ɗiyan naka na, sannan in zaka in amshi uwar. Ba a saida ta, ba a bugun ta." Ya dube ni yana dariya. "Kai ko mahauci na, sai na ƙara hwaɗa maka: ba a yanka ta."

Na yi kuka a gabansa, ni da furfura. Ya yi kamar bai gani ba, ya tsuguna yana nuna mini inda take son susa a fatar wuya.

Tsakiyar azumi mutanen nan masu babura, waɗanda suka kwashe nawa, suka je rugarsu. Ba su bar ko maraƙi ba. Yari ya bi sawun shanun, bai dawo ba. Ranar da na ji labari ban jira gari ya waye sau biyu ba, na kwashe shanun daga fadama na kawo su cikin gari, na rufe ƙofar ƙarfe na sa kwaɗo biyu.

Laraba, 9 ga Afrilu, da safe

Wayar Yari a kashe. Kwana ashirin da uku.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Wule tana tsaye tun safe fuskarta a ƙofa. Ta ci rabin dusarta. Duk lokacin da babur ya wuce ta layin, nawa ukun sai su zabura su ja igiya har turke ya motsa, su sun san ƙarar. Da Wule ba ta kulawa. Yanzu ita ma ta koya.

Ni ma na koya. Ɗazu a masallaci wani ya tayar da babur a bakin ƙofa, na rasa ko raka'a ta nawa muke.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Sakamakon jini ya fito. Ba bakkale ba ne, ciwon da ke sa shanu ɓari, wanda na fi tsoro. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauka za a ba ni allura a wuce wurin. Likita ba ta buɗe jakarta ba ma.

"Baba, tuɓe takalminka."

Na ce me?

"Tuɓe ka taka simintin ga."

Na tuɓe na taka. Ban kai ƙidaya biyar ba na yi tsalle na koma kan takalmin, ina sallallami. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta nuna mini kangon kamar yau na fara ganinsa: bango ya kai linta, babu rufi, babu ta inda iska za ta shiga, injin bulo na maƙwabta yana ta rugugi. Ta auna igiyar Wule da hannunta, ba ta kai kamu uku ba. Ta tsaya tana kallon agogo tana ƙirga numfashinta.

"Ba lalura ag gare su ba, Baba. Zahi na da tsoro. Ka ɗaure su kamar san Salla. Sa kwana arba'in shika yi ga turke a yanka shi, bai da wata gaba. Wagga ɗa za ta yi. Saniya in ta rasa inuwa, ta rasa wurin kwanciya, kullum gabanta na hwaɗuwa, jikinta haihuwa shika hwara ajewa. Mai ciki ta zubar, marar ciki ta ƙi neman bajimi. Ka ga karsanar ga? Yaushe rabon ka gan ta tana hawan 'yan'uwanta?"

Ban gani ba tun kafin azumi. Ban ma san abin dubawa ba ne. Ni na san saniya ne daga ciki, bayan an feɗe ta. Zan faɗa maka nauyin namanta daga kallo ɗaya, ban taɓa tambayar yadda ta kwana ba.

Ta ce in mayar da su fadama. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya.

"Kin san abin da ke waje kuwa?"

"Na sani, Baba."

"To ki ba ni magani."

"Maganin shina Dundaye, ƙarƙashin gawo."

Na sallame ta ba godiya. Yarinya ƙarama, ba ta taɓa tsayawa a mashekari ta ga turaka kusan arba'in babu komai a jikinsu ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da Magariba

Na ɗaura tamfol a kusurwa. Na sa an zubo yashi tifa ɗaya. Na ƙara tsawon igiya. Mai kura yanzu sau uku yake kawo ruwa. Duk abin da ta ce na yi, ban da ɗaya.

Ƙarƙashin tamfol ɗin ma kamar tanda. Wule ta kwanta kaɗan, injin bulo ya tashi, ta miƙe.

Wayar a kashe. Wata guda cif.

Asabar, 19 ga Afrilu, da hantsi

Wule ba ta tuƙa. Na tsaya awa guda ina kallon bakinta. Sai haki, yawu na zuba.

Matata Wasila ta ce na fi zama da shanu a kan zama da ita, gara ta kawo mini filo kangon. Wasa take, amma ta ajiye mini tuwo jiya na tashi ban taɓa ba, ta gani.

Litinin, 21 ga Afrilu

Babu abin rubutawa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Isha

Sun ci. Sun sha.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

Wasila ta kawo mini fura kangon ba zato. Ta tsaya a gaban Wule ta daɗe, ta dubi kumburin da ke saman idonta na hagu, ta dubi sandar da ke jingine a bango, ta dube ni.

"Baban Bahijja, mi yas samu idonta?"

Na ce ƙofa ce.

"Ƙohwa."

Ta ajiye kwanon ta fita. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa jin kunyarta kamar yau ba.

Ran Litinin na buɗe wa mai kura ƙofa, Wule ta fizge ta nufi waje, wani babur yana shigowa layin. Iya nan zan rubuta. Abu uku kawai Yari ya hana ni, na aikata ɗaya.

Yanzu in na matso sai ta kau da kai.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Akwai wani ruwa mai yauƙi a gindin wutsiyarta, da ɗan ja a ciki. Haka Jar ta fara. Wallahi haka ta fara.

Na kira Likita, na manta da fushin da nake yi. Ta zo ta sa safar hannu ta duba, ni ina riƙe da wutsiya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ta ce ɗan yana motsi, bakin mahaifa bai buɗe ba. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin mako mai zuwa ba.

Na yanke shawara. Zan mayar da ita wurin masu ita tun tana da rai da cikinta. In za ta mutu kada ta mutu a hannuna. In mutanen nan za su ɗauke ta kada su ɗauke ta a hannuna. Na san ba jarumta ba ce.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan La'asar

Na je Dundaye wurin Inno, mahaifiyar Yari. Tun da abin ya faru tana zaune gidan surukinta Shafi'u, wani manomin shinkafa. Na same ta a gindin dogon yaro tana tufka igiya, babu dabbar da za ta ɗaure da ita. Ta tsufa da shekara goma a wata guda.

Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ita kaɗai ta rage cikin dukiyar Yari, su suka fi ni buƙatarta, na yafe 'ya'yan uku.

Ba ta ɗago kai ba.

"Wa yac ce maka Yari ya mutu?"

Na ce subhanallahi, Inno, ban ce ba.

"Ka ce. Wurinmu ba a maido habbanaye ba ta cika haihuwarta ba sai in mai ita ya mutu, ko an yanke zumunci. Wanne ciki kaz zo da shi?"

Ni na ɗauka alheri na zo yi.

"Da hannunai yab ba ka, da hannunai za shi amsa. Ni ban amsar ta. In ka gaji da ita, ka jira shi ka hwaɗa mai."

Sai ta tambaye ni inda na ajiye ta. Na faɗa. Ta tambaya ko akwai itace a wurin, ko tana ganin wasu shanu, ko tana taka ƙasa. Duk na ce a'a. Ta rufe baki da gefen mayafi kamar an faɗa mata rasuwa.

"Wule ba ta taɓa kwana inda ba ta ganin nesa ba. Kawo ta nan ta ci ciyawar burgu. Amma taka ta, kai ka kiwon ta."

Na ce, Inno, in suka zo fa?

"In sunka zaka, sun zaka. Can inda kab boye ta, wa kaka tsammani shina kashe ta?"

Lahadi, 27 ga Afrilu, da Azahar

Mun taso bayan sallar Asuba, ni da Shafi'u, da ƙafa, don Likita ta hana a ɗora ta a mota. A hankali muka bi gefen hanya, muna tsayawa duk inda akwai inuwa. Da muka sauka gangaren fadama Inno tana tsaye can nesa. Ta yi wani kira, ba magana ba ce, ba waƙa ba. Wule ta tsaya cak, ta ɗaga kunne, ta amsa da kukan da ban taɓa ji ba. Na saki igiyar da kaina.

Inno ta shafa ta tun daga goshi. Yatsunta suka tsaya a kan tabon. Ba ta tambaya ba, ni na faɗa.

"Ni ne, Inno."

Sai ta kwance gefen zaninta ta ba ni guntun kanwa.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Kullum ka miƙa mata ga hannunka har ta amsa."

Ba ta karɓa ba yau.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Fadamar a buɗe take ta kowane gefe. Abin da shanun ke so kenan, ni kuma shi ke hana ni zama. Ina gindin gawo, bayana a jikin itace, idona a hayi. Kowace ƙura da ta tashi sai na miƙe.

Su kuwa sun sa kai a ciyawa kamar ba su taɓa sanin tsoro ba. Dabba ta fi mutum saurin yafe wa duniya.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan Azahar

Wule ta kwanta a inuwa tana tuƙa. Na ƙirga, sau hamsin da biyu kafin ta haɗiye. Na ƙirga na biyu. Na kira Wasila na faɗa mata, ta ce to Allah ya ba ni lafiya ni ma.

Ruwan nan ya daina zuba.

Juma'a, 2 ga Mayu

A kashe. Kwana arba'in da shida. Inno ba ta tambayata ko na kira, amma tana kallon hannuna duk lokacin da na ciro wayar.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Karsanar ta hau Jar saniya yau har sau biyu, tana ta kuka tana zagaye. Na ruga na faɗa wa Inno kamar yaron da ya tsinci wani abu. Ta ce, "Sannu Kaɗo, yau ka zama Bahillace." Shafi'u ya aro bajimin maƙwabcinsa. Kwana goma kacal da ciyawa da inuwa da ruwa a gabansu.

Na tura wa Likita saƙo. Ta amsa da cewa a kula da kaska. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, tarbiyyar gidansu ce.

Wule har yanzu ba ta karɓar kanwa a hannuna. A hannun Inno take karɓa.

Talata, 13 ga Mayu, bayan Magariba

Zan rubuta wannan yadda ya faru, sannan ba zan sake maganarsa ba.

Wajen ƙarfe huɗu wani mai noman rani ya taho da gudu yana cewa a kaɗa dabbobi. Bai tsaya ya yi bayani ba, babu wanda ya nema. Fadama ta watse. Shafi'u ya kora nawa ukun da na mutane suka yi cikin gari. Wule tana kwance a gindin gawo, hantsarta ta cika, cikin ya sauka. Na ja igiya, ta dube ni kawai. Na ja da ƙarfi. Sandar tana hannuna. Na san in na ɗaga ta za ta tashi ta yi gudu, na kuma san abin da gudun zai yi mata.

Na jefar da sandar na zauna a bayanta.

A hayin gulbi suka bi. Na ƙirga babura shida, kowanne da mutum uku. Ban san ko su ne ba. Ban san ko sun gan mu ba. Na kifa fuskata a jikinta, ina jin ɗan yana motsi a kan kuncina, ina jin fitsari yana neman kufce mini. Hannuna ya kai fatar wuyanta, inda Yari ya nuna mini, na yi ta susa don kada ta yi kuka. Ba ta yi ba. Tuƙarta ma ba ta daina ba.

Da ƙarar ta ɓace na kasa tashi. Sai da Shafi'u ya dawo ya kama ni.

Ban je gida ba tukuna.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Wasila ta ce a dawo da su kango. Shafi'u ya ce shi ba zai ce komai ba. Na tsaya a bakin fadama na fi rabin awa da igiya a hannu.

Na kai su gindin gawo.

Ta karɓi kanwa a hannuna yau. Harshenta da kaushi.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Wule ta ware kanta daga sauran. Inno ta ce gobe ko jibi.

Ina tsoro. Ina tsoron ɗan ya zo ba rai saboda abin da na yi mata a kango. Ina tsoron hayi. Ina tsoron wayar nan ta shiga wata rana wani ya ɗauka ba shi ba.

Talata, 20 ga Mayu, da Azahar

Ta haihu da hantsi, a tsaye ta fara, ta gama a kwance. Inno ta hana ni taɓa ta, ta ce in tsaya inda za ta gan ni kawai. Ƙafafu biyu suka fito, sai hanci. Da ta faɗo ƙasa ba ta motsa ba. Wule ta juya ta hau lasa, lasa, lasa, sai 'yar ta yi atishawa. Mace ce, ƙarama, da farin goshi irin na uwar. Kafin rana ta take ta miƙe ta kama nono.

Na ce wa Inno ko 'yar nan ta karɓa, ko don nono a gaba. Ta harare ni.

"Taka ta. Haka nan yac ce."

Ta ɗauko igiyar nan da ta daɗe tana tufkawa, ta ƙulla ƙulli guda a bakinta, ta ja shi da haƙori.

"Guda. Saura biyu. Ka riƙe ta da kyau, Badaru, Yari ba shi son shi iske saniyatai ramamma."

Likita ta zo da rana ta duba su. Ta ce saniyar da ke cikin jin daɗi duk shekara take haihuwa, wadda aka wulaƙanta kuwa sai ta yi shekara biyu ko uku tsakani. Ta faɗa ne don in yi murna. Inno tana jin ta, tana murza ƙullin da yatsa. A nan na gane me take ƙirgawa. Muddin akwai sauran ƙulli, Yari bai makara ba, lokacinsa ne bai yi ba. In kuma na riƙe Wule yadda ya kamata, nan da shekara biyu igiyar za ta cika, dole wani ya zo ya karɓa.

Zan riƙe ta yadda ya kamata. Ban san wata hanya ba yanzu.

Na kira wayar. A kashe. Kwana sittin da huɗu.

Sun ci burgu. Sun sha ruwa sau uku. Wule ta kwanta, 'yar tana gefenta.